Laifin da Ya Falmata Ta Aike Ni Nema

Na gode wa Allah da ya ba ni yaya irin Ya Falmata, na kuma gode masa da ya sa a hannuna ta yi jinyarta har ya karɓi abarsa. Na zauna rubuta wannan ne saboda matan da suke jin wani abu a jikinsu su yi shiru don kunya, da kuma masu zuwa dubiya, waɗanda zuciyarsu take da kyau amma ba su san inda maganarsu take sauka ba. Ni Yagana ba a san ni da sanyin baki ba, don haka wanda ya ji zafi a wani wuri ya yi haƙuri tun yanzu.

A Fagge aka haife mu. Kakanninmu daga Borno suka zo, amma mu Barbarcinmu bai wuce gaisuwa da faɗa ba. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, Ya Falmata ce ta goya ni, ta yi min kitso, ta aurar da ni. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu ya bar mata ɗan gidan da take ciki, bayan layinmu. Turaren wuta da humra take haɗawa, tana da ɗan shago a Kasuwar Sabon Gari.

In na ce mutuniyar kirki ce, za a ce ai kowa haka yake faɗa a kan mamacinsa. To ku tambayi unguwa. Wadda ta haihu ba ta da uwa a kusa, Ya Falmata ce kan murhun ruwan wanka. Wanda aka kwantar a asibiti ba shi da kowa, fulas ɗin kununta zai same shi. In aka cuce ta a kasuwa sai ta ce, "Wataƙila mantuwa ya yi." Ni nake zuwa in yi mata faɗan, in dawo ta yi min nasiha a kan fushi. Ban taɓa jin ta kushe abinci ko ɗinki ko mutum ba, har haushi abin yake ba ni.

Ciwon ya fara da ɗan ƙullutu a mamanta na hagu. Wannan daga baya na sani, don ba ta gaya wa kowa ba. Abin da na fara lura da shi, ta daina ɗaga tukunyar turare da hannu biyu. Sai kuma na ga kaskon wutarta ba ya mutuwa a ɗaki, hayaƙi har idona yana yaji. Na tsokane ta na ce ko sabon miji aka samu ba a gaya min ba. Ta yi dariya. Ashe ƙullutun ya fashe ya zama gyambo, warinsa take binnewa da turare. Ranar da na shiga ba sallama na tarar tana sauya tsumma, zama na yi daɓas a bakin ƙofa.

"Ya Falmata, tun yaushe?"

"Ai da sauƙi," ta ce. "Ban so in tayar miki da hankali ba ne."

Daga nan dangi suka shigo, kowa da likitancinsa. Gwaggonmu ta rantse jifa ne, wai 'yan kasuwa ne suka ga cinikinta ya buɗe. Wata ta ce in dai daji ne kada a kuskura a kai shi asibiti, ba ya son ƙarfe, allura na taɓa shi zai haukace. Aka kawo garin shafawa, aka kawo saiwoyin jiƙo, aka kawo wani baƙin mai a kwalbar lemo. Ya Falmata ba ta iya mayar da kyauta ba, duk wanda ya kawo sai ta shafa don kada ransa ya ɓaci. Makonni suka wuce a haka gyambon yana faɗi. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na tari adaidaita sahu har ƙofar gida, na ce ko ta shiga da ƙafarta ko in kira maza su ɗauke ta.

Layin asibiti kuwa sai wanda ya bi. Daga sallar asuba za mu fita, mu tarar benci ya cika. A karɓi kati, a ce jira, a kira suna, a ce ba nan ba ne can ne. Ga yayata da halinta: layi ya zo kanta, sai ta hango wata tsohuwa tana nishi ta ce, "Inna, shiga kafin ni." Na ce mata wallahi in ta sake ba da layinmu zan zauna a kan zaninta. Wata ma'aikaciyar jinya ta ji mu ta yi ta dariya, daga ranar ta riƙa kula da mu, Allah ya saka mata. Akwai kuma wadda ta daka mana tsawa don mun tambayi inda ake biya, ita ma ban manta da ita ba.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Da ta ɗaga mayafin ta duba, sai ta ce, "Hajiya, me ya sa sai yanzu?" Wannan tambayar har yau tana kunnena. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya fito, ciwon daji ne. Aka fara ƙarin ruwan da suke kira kemo. In aka yi mata, sai ta yi kwanaki tana amai, ko ƙamshin turarenta ba ta so. Gashin da nake yi wa kitso tun ina budurwa ya riƙa biyo mataji har ya ƙare. Maganar kuɗi ba zan tsaya lissafi ba, ya isa in ce 'yan kunnenta na gwal da firjina duk sun tafi, kuma mijina bai taɓa ɗaure fuska ba.

Masu dubiya suka yi ta zuwa, don mace ce mai jama'a. Tsakar gida takalma, ɗaki mayafai. Kowa zai durƙusa ya ce, "Sannu Hajiya, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne." Ta ce amin. Wata ta shigo, "Allah ya sa kaffara ne." Ta ce amin. Addu'a ce da muka tashi muka tarar, ni ma na yi wa mutane ita ba adadi, ma'anarta Allah ya sa ciwon ya zama wankin zunubi. Amma da na ji ana yi wa Ya Falmata ita safe da yamma, sai ta fara tsaya min a wuya. Ina tsugune ina wanke tsumman gyambo, a zuciyata ina cewa kaffarar me? Wa ta kashe? Na san mutumin da ya cinye gadon marayu a layinmu, yana nan kullum wuyansa sai ƙara kauri yake, ko mura ba ya yi. Sai in yi istigfari, in matse tsumma, tunanin ya dawo.

Ban san cewa ita ma maganar tana aiki a cikinta ba, ta wata hanyar daban.

Bayan an yi kemo an yi, likita ta sake aika mu hoto. Da muka kawo ta ce ciwon ya taɓa ƙashi, abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa mata. Ta rubuta wani maganin ruwa na kashe raɗaɗi, ta ce a riƙa ba ta a kan lokaci, kada a jira sai zafi ya taso. Mun sha yawo kafin mu same shi. Na kawo gida, na zuba a ɗan murfin awo, na miƙa mata. Sai ta kawar da kai.

"Ajiye shi tukuna."

"Sai yaushe?"

"Yagana, zauna ki ji. Mutum nawa ne suka shigo ɗakin nan? Kowa kaffara yake cewa, ni kuma ina cewa amin. To in wanki ake yi min, don me zan tsame kayan ba su fita ba? Gara in ji shi a nan da in je in tarar da shi a can."

Na ɗauka wasa take. Na ce ai addu'a ce kawai, ba wanda ya ce ta yi wani abu. Ta ce Allah ba ya zalunci, tunda ya ɗora mata wannan akwai dalili, ita ce dai ta manta. Ta ce za ta ci gaba da shan sauran magunguna, amma na kashe zafi a'a.

Ciwon ƙashi ba abin da zan iya kwatanta muku ba ne. Ba ta ihu, wannan ne ma ya fi tayar min da hankali. Sai dai ka ga ta damƙe bakin katifa, zufa tana bin wuyanta, leɓenta yana motsi. In zan juya ta sai na yi ta lallaɓawa, duk inda na taɓa sai numfashinta ya ɗauke. Barci ya ƙaurace mata, abinci sai ta kurɓi cokali ta ce ta ƙoshi, ta gode. Kwalbar maganin tana kan taga a cike. Na roƙa, na yi kuka, na yi faɗa. Har a kunu na taɓa zubawa, ta sansana ta ajiye ta ce, "Kada ki sa in daina yarda da hannunki." Ban sake ba.

Sai ta ɓullo da wata sabuwa. Ta ce in bi mutane gida-gida in roƙar mata yafiya, kuma kada in tsaya a "na yafe", in tambayi takamaiman abin da ta yi musu, don ta san me take biya. Na ce wannan aikin mahaukata ne. Ta ce, "Ko shi ma ba za ki yi min ba?" Na yafa mayafina na fita.

Haka na zaga Fagge ina neman laifin yayata. Mai kayan miya na bakin layi ya ajiye ma'auni ya kalle ni ya ce, "Hajiya Falmata? Ni ne dai zan roƙe ta." Matar da ta yi wa wankan jego ta fashe da kuka, sai ni na koma rarrashi. Tela ya ce ko dai zolayarsa nake. Na kai har Rijiyar Lemo wajen dangin mijinta, suka ce in gaya mata ta daina ba su kunya. Da na matsa wa maƙwabciyarmu Hajiya Ladi, tsohuwa mai son a rabu lafiya, sai ta yi ta tunani, can ta ce, "To, akwai wata rana da ta wuce ni a bakin famfo ba ta gaishe ni ba. Amma ina jin ba ta gan ni ba ne." Na kawo wa Ya Falmata wannan. Har fuskarta ta yi haske, ta ce in koma in ba da haƙuri. Bayan na dawo ta ce, "Amma wannan bai kai a ce ƙashi ba. Akwai dai wani."

Na je na ɗauko Baba Goni, ƙanin mahaifinmu, wanda ya tsufa a kan buzu yana karantarwa. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya jingina sandarsa, ya yi mata magana a hankali.

"Falmata, ciwo ba ta ƙofa ɗaya yake zuwa wa bawa ba. Wani don a goge masa ne. Wani don a gwada haƙurinsa. Wani kuma akwai matsayin da aka ajiye masa wanda aikinsa ba zai kai shi ba, sai ta nan. Annabawa sun fi kowa shan wuya, laifin me suka yi? Ba wanda aka gaya wa ta wace ƙofa nasa ya shigo, ke wa ya gaya miki taki? Kuma wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Shan magani ba ya rage lada ko ƙwayar gero."

"Na ji, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ya tafi da murna. Ni da na san yayata, na san wannan "na ji" ɗin. Ladabi ne kawai.

Da na raka shi zaure na kasa riƙe bakina. Na ce, "Baba, ni fa tambayata daban ce. Me ya sa ita? Ga azzalumai nan suna yawo da ƙafarsu." Na zaci zai yi min tsawa. Sai ya tsaya yana laluben takalminsa da ƙafa, ya ce, "Yagana, da a ce lafiya ce ladan kirki a duniya, da kowa ya yi kirki don ya tsira da jikinsa, da abin ya zama ciniki. Ba a nan ake biya ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Amma me ya sa Falmata ba wani ba, wallahi ban sani ba, kuma ni ma ina kwana da shi." Na ga idonsa ya kawo ruwa. Amsar ta zauna min a kai, ba ta kai zuciya ba, amma na ji daɗi da babba irinsa ya ce bai sani ba.

Mutum ɗaya ta rage ban je wajenta ba, Mama Nkechi. Inyamura ce, Kirista, a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta har ta fi ni iya baƙar magana. Kayan kwalliya da kwalabe take sayarwa, shagonta yana jikin na Ya Falmata, a wajenta yayata take sarin kwalaben humra. Shekara da shekaru suna tare, in ɗaya ta tafi salla ko coci ɗaya ta tsare mata shago. Tun da aka fara jinyar take zuwa duk Lahadi da farfesun kifi, amma Ya Falmata takan daure ta yi mata fara'a, don haka ba ta san maganar kwalbar ba.

Na same ta a kasuwa da hantsi, ana ta turereniya, masu baro suna ihun a ba su hanya. Na isar da saƙo kamar yadda na saba. Ta ce, "Yafiyar me?" Na gaya mata komai. Ta ja ƙofar shago ta datse kwaɗo, ciniki yana tsaka, ta ce, "Mu je."

Da muka shiga, Ya Falmata tana kwance ta damƙe katifa. Ta yi ƙoƙarin murmushi.

"Maman Ada, ke ce da rana haka? Yagana ta gaya miki? Ki yafe min duk abin da na yi miki."

Ada ita ce 'yar Mama Nkechi ta fari. Da sikila aka haife ta, ta sha wuya, ta rasu tana 'yar budurwa. Ya Falmata ce kaɗai har lokacin take kiran uwar da sunan 'yar.

Mama Nkechi ba ta zauna ba. Ta ce, "Ban yafe ba."

Tun da na fara yawon nan ba wanda ya faɗi haka. Ya Falmata ta ɗago kai da ƙyar, wallahi har da wani ɗoki a idonta.

"Alhamdu lillahi. Gaya min, me na yi?"

"Kin tuna lokacin da ciwon Ada yake tashi? Tana ihu tana cewa ƙashinta ana sara? Wa yake goya ta zuwa titi? Ke. Wa ya bi ma'aikatan asibiti har ofis yana roƙo a yi mata allurar kashe zafi, har takalminki ya tsinke kika taka a ƙasa? Ke, Falmata, da ba kya iya ɗaga murya. Ni ina zaune ina cewa ko wani zunubi na yi Allah yake rama wa a kan 'yata, don a cocinmu ma akwai masu irin wannan bakin. Kika riƙe hannuna kika ce, Maman Ada, kada ki ƙara faɗa, Allah ba ya buƙatar kukan yarinyar nan. Da wannan maganar na rayu har yau. Yanzu kina gaya min ƙarya kika yi min? Da mun bar ta ta yi ta ihu ke nan, don a wanke ta?"

"A'a, subhanallahi. Ada ai yarinya ce, ba ta da…"

"Ke kuma Allah yana buƙatar naki kukan? Wani Allah ne daban?"

Hawaye ya gangaro wa Ya Falmata zuwa kunne.

Mama Nkechi ta kamo hannuna ta ja ni gaban gadon. "Kin aiki yarinyar nan ta zaga gari tana nema miki laifi. Ga shi nan a ɗakinki. Dubi wuyanta. Dubi zaninta, sau nawa take naɗa shi yanzu? Ke kina tara lada, ita tana kallon ki kina cin katifa, ba ta ci ba ta barci. Kin tambayi mai tumatir, kin tambayi tela. Ita kin tambaye ta?"

Ni da nake da jikoki a hanya, ni ce yarinya. Amma ban yi gardama ba.

Ya Falmata ta daɗe tana kallona, kamar ranar ta fara ganina tun da ta kwanta. Ta ce, "Yagana, na cuce ki?"

Abin da ake cewa shi ne, haba, ba komai. Shi ya zo bakina. Duk rayuwata ban taɓa samun abin da zan riƙe ta da shi ba, kuma ina son ta fiye da yadda zan iya rubutawa. Na durƙusa na kifa kaina a gefen katifar na ce, "Eh, Ya Falmata. Kin cuce ni. Duk juyin da zan yi miki sai na ji kamar ni nake karya ki. Na gaji da jin tsoron hannuna."

Na ji tafinta a kaina, ba nauyi ko kaɗan. Ta ce, "Ki yafe min."

Kafin in buɗe baki Mama Nkechi ta ce, "Kada ki yafe. Sai ta sha."

Dariya ta kuɓuce wa Ya Falmata, dariyar ta taɓa ƙashin, ta runtse ido. Da zafin ya lafa ta ce, "Ku biyun nan, Allah ya shirye ku. Miƙo."

Na zuba a murfin da sauri, har ya ɗan zube. Ta yi bismilla ta shanye, ta yamutsa fuska. Na ce na yafe duniya da lahira. Mama Nkechi ta ce ita sai ta ga an sha na yamma tukuna.

Muka zauna a ƙasa muna jira. A hankali na ga yatsunta suna sakin bakin katifa ɗaya bayan ɗaya. Goshinta ya warware. Can sai ga minshari, mai ƙarfi kuwa, irin na wanda ya yi noma ya gaji. Muka kalli juna ni da Mama Nkechi, muka toshe baki, muna dariya muna kuka. Aka kira azahar na tashi na yi, ita tana zaune tana kore mata ƙuda da mafici, tana motsa baki da tata addu'ar.

Maganin bai warkar da ita ba, dama likita ba ta ce zai warkar ba. Ta ƙara 'yan watanni, kuma su ne nake tunawa in kewa ta taso. Ta koma salla a zaune a kan lokaci, da hankalinta a jikinta, abin da zafi ya so ya raba ta da shi. Ta karɓi masu dubiya, suka yi addu'arsu da suka saba, ta ce amin, ni ma na ce amin, don na gane ba su da abin da ya fi wannan da za su kawo. Ta rasu wata safiyar Juma'a kanta yana kan cinyata. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.

Tambayata kuwa tana nan, ban sami amsarta ba, na dai daina yi wa Ubangijina ita da fushi. Abin da zan iya cewa da tabbaci kaɗan ne. 'Yar uwa, in kin ji ƙullutu, ki je asibiti tun yana ƙarami, ki bar kunya a gida. Mai dubiya, ka yi addu'arka, amma ka dubi wanda kake yi wa, don masu tsoron Allah su ne suke ɗaukar magana da nauyinta. In ka ga irin Ya Falmata, ka ƙara mata da cewa Allah yana son ta.

A ranar da ta fara shan maganin, ba ta farka ba sai bayan la'asar. Ta buɗe ido ta ce yunwa take ji. Na ruga na dama kunun gyaɗa, na kawo na tallafo kanta. Ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa. Sai ta ture kofin.

"Yagana, wannan kunun ya yi ruwa. Kuma ba ki sa tsamiya ba. Dama na daɗe ina so in gaya miki, ba ki iya kunu ba."

Mama Nkechi ta tafa hannu, ta ambaci Allah da yarensu ta ce, "Chineke! Falmata ta kushe abu!"

Na ɗauki kofin na koma madafa, na tsuguna gaban murhu na sha kukana. Sannan na jiƙa tsamiya na sake dama wani.